Bargon Taɓe-Taɓe: Ɗan Ɗinkin Da Ke Kwantar Da Hankalin Tsoho Mai Ciwon Mantuwa

Kullum da zarar la'asar ta yi sakaliya, sai uwar mijin maƙwabciyata ta fara. Za ta kama haɓar zanenta ta ƙulle, ta kwance, ta sake ƙullewa. Daga nan ta koma kan zanen gado tana tattaro shi tana ninkewa, ko ta samu bakin tabarma ta yi ta ja har sai ta warware shi. Idan magariba ta kawo kai sai ta miƙe ta yafa mayafi ta ce gida za ta, an bar yara su kaɗai kuma ba a ɗora tuwo ba. Yaran da take magana a kansu, autansu ma ya aurar da 'ya. Gidan da take son komawa kuwa an daɗe da rushe shi.

Matar ɗanta ce ke yi mata wanka da wanki da ba ta abinci, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafin aikin ba. Abin da ya fi damunta, in ji ta, shi ne hannun nan da ba ya zama wuri ɗaya. Ran nan tsohuwar ta yage ƙunzugun da aka sa mata, wata rana ta sosa ƙwaurinta har ya yi jini, kuma da aka kwantar da ita a asibiti sau biyu tana fizge allurar ƙarin ruwa. In an riƙe hannun sai ta fashe da kuka ta ce an ɗaure ta. Na san a cikin masu karanta wannan shafi akwai da yawa da labarin nan ba baƙo ba ne a wurinsu, domin ko dai uwa ce, ko kaka, ko uwar miji, ko kuma mahaifi da ke zaune a zaure yana tambayar mutanen da suka shekara ashirin a ƙasa.

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Kanada da Ostareliya, mata masu ɗinki da saƙa sun daɗe da samo wata 'yar dabara saboda irin waɗannan hannaye. Sukan haɗu ƙungiya-ƙungiya, a unguwa ko a wuraren ibadarsu, su ɗinka wani ɗan ƙaramin bargo wanda bai wuce ya rufe cinya ba. Ana haɗa shi da ƙyallaye iri-iri, wani mai laushi, wani mai kaushi, wani mai santsi, sannan a ɗinka masa abubuwan da hannu zai yi ta taɓawa: zif, maɓalli, aljihu, geza, zobba, igiyar ƙullawa. Su kai wa gidajen kula da tsofaffi da asibitoci kyauta. A Ingila akwai wani nau'insa da ake saƙawa da ulu kamar guntun hannun riga, mai buɗe ta baki biyu, a zura hannu ciki. Asibitoci da dama suna ba marasa lafiya masu ciwon mantuwa, har ya kan rufe wurin allurar ƙarin ruwa ya ɗauke musu hankali daga gare ta. Tunda ba shi da suna a Hausa, ni na raɗa masa bargon taɓe-taɓe. Babu abin da ke jikinsa da ba a samu a kwandon tela ko a ƙasan akwatin uwargida.

Gigin tsufa ko ciwo?

Mu a nan mukan ce gigin tsufa ne, ko rikicin tsufa, mu ɗauka cewa duk wanda ya yi nisan kwana haka zai koma. Likitoci ba su yarda da wannan ba. Tsufa yakan kawo 'yar mantuwa, kamar a manta inda aka ajiye makulli a tuna daga baya. Amma a ce mace ta manta sunan ɗanta, ta ɓata a unguwar da ta shekara hamsin, ta kasa haɗa miyar da ta yi ta yi tun tana amarya, wannan ciwo ne da ke cinye ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a hankali. Dubi dai yadda ake samun 'yan shekara casa'in da hankalinsu garau, suna ba da tarihi tiryan-tiryan.

Ciwon iri-iri ne. Wanda ya fi yawa shi ne mai ɗauke da sunan likitan nan Bajamushe, Alois Alzheimer, wanda a shekarar 1906 ya fara bayyana shi bayan ya binciki ƙwaƙwalwar wata mata mai suna Auguste Deter, da aka kwantar a asibiti a birnin Frankfurt tana da shekara 51. Wannan nau'i shi ke ɗauke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ciwon. Akwai kuma wanda ke zuwa saboda lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, wanda hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki ke jawowa, kuma wannan ya kamata ya dame mu ganin yadda hawan jini ya yi yawa a gidajenmu ba tare da an auna ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke da ciwon a duniya, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma kowace shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Ta kuma ce kashi 70 cikin 100 na awoyin da ake ɓatarwa wajen jinyarsu, mata ne ke yi. Wannan kam ko ba a faɗa mana ba mun sani. A gida Nijeriya, wani dogon bincike da aka fara a 1992 ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis na Amurka, 'yan shekara 65 zuwa sama, ya samu kimanin kashi 2 cikin 100 a Ibadan da kimanin kashi 8 a can. Wani binciken da aka yi a Zariya aka buga a 2011 ya samu kusan kashi 3 cikin 100 na tsofaffin da aka duba. Adadin kamar kaɗan ne, amma a ƙirga tsofaffin unguwa ɗaya kawai a gani.

Alƙur'ani mai girma ya riga ya ba mu labarin wannan hali. A Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, Allah Ya ambaci waɗanda ake mayarwa zuwa mafi raunin shekaru har su rasa sanin abin da suka sani a da, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yana neman tsari daga kaiwa ga wannan matsayi. Don haka abin takaici ne a ce har yanzu a wasu wurare, idan aka tsinci tsohuwa tana yawo da dare tana sambatu, ko ta ambaci sunan wani mamaci ta ce yanzu suka rabu, sai a ce mayya ce, yara su bi ta da jifa. Mara lafiya ce da ta fita neman gidan da ke cikin kanta.

Abin da hannu ya riƙe

Me ya sa ɗan ƙyalle zai yi wani amfani ga wanda ƙwaƙwalwarsa ke lalacewa? Dalilin yana cikin yadda ciwon ke tafiya. Yakan fara da sashen da ke ajiye sababbin abubuwa, shi ya sa Iya za ta manta ta ci abinci minti goma da suka wuce amma ta tuna kayan ɗakinta na aure ɗaya bayan ɗaya. Abin da jiki ya koya ta hanyar maimaitawa shekara da shekaru, kamar jan carbi, kitso, ninke zane, tsintar shinkafa, ƙulla kuɗi a haɓar zane, wani sashe ne daban na ƙwaƙwalwa ke riƙe da shi, kuma yakan daɗe bai taɓu ba. Haka ma jin taɓawa: ko baki ya daina magana, fata tana bambance laushi da kaushi, sanyi da ɗumi.

To ki duba rayuwar tsohuwar da muke magana a kanta. Tun tana 'yar shekara bakwai hannunta bai huta ba: daka, surfe, tankaɗe, kaɗi, saƙar faifai, goyo, tuƙin tuwo. Yau mun zaunar da ita a kan katifa mun ce ta huta, mun ɗauke wuƙa da ashana da allura saboda tsaro, kuma daidai ne mu ɗauke. Amma hannun bai san an yi masa ritaya ba. Idan tsoro ko kaɗaici ya taso mata, ba ta da kalmomin da za ta faɗa, sai hannun ya shiga neman aiki, ya samu zanen gado ko fatar jikinta. Bargon taɓe-taɓe wuri ne da aka tanadar wa hannun ya sauka ba tare da ya yi ɓarna ba.

Wannan damuwa ta yamma ma sananniya ce a wurin masu jinyar irin waɗannan marasa lafiya a ko'ina cikin duniya. Haske yana raguwa, inuwa tana yawa, gajiyar yini ta taru, ga hayaniyar gida ta ƙaru saboda yara sun dawo daga Islamiyya ana ta kiciniyar abincin dare. Lokacin ne kuma da a tsawon rayuwarta take tsaye a madafa. Ba mamaki ta ce an bar tuwo.

Yadda ake haɗa shi

Kafin ki ɗauki almakashi, ki zauna ki yi tunanin wanda za ki yi wa. Wannan shi ne rabin aikin. Mece ce sana'arta a da? Wace atamfa ta fi so? Me hannunta ya fi yi yanzu, ƙullawa ne, ko shafawa, ko ja, ko ɓoye abu? Wadda ke ƙulle-ƙulle a ba ta abin ƙullawa, wadda ke shafa a yawaita mata ƙyalle mai laushi. Bargon da aka yi wa kowa da kowa ba ya kai wanda aka yi wa mutum ɗaya.

Ki nemi ƙyallaye 9, ki yanka kowanne inci 8 tsawo da faɗi. Idan kika jera su uku-uku kika haɗa, ɗinki zai ci rabin inci a kowane gefe, a samu bargo mai kimanin inci 21, daidai cinya ke nan, ba zai riƙa jan ƙasa ba kuma ba zai shiga tayar keken guragu ba. Ki bambanta su yadda ko da ido a rufe za a ji an sauya: karan-miski, guntun tawul, jins, shadda mai santsi, leshi mai tudu-tudu, saƙi ko gwado, siliki, sai atamfa. In da hali, ƙyalle ɗaya ko biyu su fito daga tsohon zanenta ko tsohuwar rigar marigayi maigidanta, amma ki tambayi 'ya'yanta tukuna, kada ki sa almakashi a zanen da wata ke jira ta gada a yi rigima.

A kula da zanen da ke jikin atamfar. Masu wannan ciwo idonsu kan yi musu gizo: atamfa mai ƙananan furanni ko ɗigo-ɗigo sai su ɗauka ƙwari ne ko tsaba ta zube, su yi ta ƙoƙarin tsincewa har ransu ya ɓaci. Baƙin ƙyalle a tsakiya kan zame musu kamar rami. Idon tsoho kuma yana wahalar raba shuɗi da kore, ya fi ganin ja da rawaya da ruwan goro. Don haka ki sa launi mai haske kusa da mai duhu, kuma yawancin ƙyallayen su zama marasa zane.

Ga sirrin da ke sa aikin ya yi ƙarko: duk abin da za ki maƙala, ki ɗinka shi a jikin ƙyallensa tun kafin ki haɗa ƙyallayen, ki bar bakin igiya ko ribon ya faɗa cikin layin haɗin, yadda keke zai bi ta kansa. Ki maimaita ɗinkin wurin sau uku ko huɗu. Maɓalli kuwa da zare ninki huɗu, ko zaren da masu gyaran takalmi ke amfani da shi, a ƙulle ta baya.

A ƙyalle ɗaya ki sa babban zif na tsohuwar jaka ko wando, ki ɗaura masa ɗan madauki na ƙyalle a kai saboda yatsun da suka yi sanƙarau su iya kamawa. A wani ki yi aljihu mai marfi da babban maɓalli irin na kwat, ki sa hankici a ciki wanda aka ɗinke gefensa ɗaya a ƙasan aljihun, ta fito da shi ta ninke ta mayar. A wani ki jera igiyoyi uku masu kauri, na ulu ko na ƙyalle, a ɗinke su ta sama a bar ƙasa: wannan na kitso ne, kuma za ki yi mamakin yadda yatsun da suka kasa riƙe cokali za su kama kalaba. A wani ki zura manyan zobba na roba ko na katako, irin na labule, a igiya mai ƙarfi, ki ɗinke bakinta biyu, ta riƙa tura su ɗaya bayan ɗaya kamar carbi. Za ki iya cusa ledar biskit mai ƙara a tsakanin ƙyalle biyu ki ɗinke ruf, in an matsa ta yi ƙaras-ƙaras. A kusurwa ɗaya ki bar wani dogon harshe na atamfa kamar haɓar zane don ƙullawa, ko ki ɗinka 'yar lalita mai mazagi. Wannan na ƙarshe ban gan shi a na Turawa ba, amma duk wadda ta tashi a gaban kaka ta san inda kuɗi ke kwana.

Kada ki cika. Abu biyar ko shida sun isa, sauran ƙyallayen a bar su haka don shafawa. Mu mata in muka samu wurin kwalliya ba ma sanin tsayawa, ga duwatsu ga ƙyalƙyali, alhali abin da ya yi yawa rikita mai ciwon yake yi, ta rasa inda za ta fara ta ture shi gaba ɗaya.

Bayan kin haɗa fuskar, ki samu ƙyallen baya mai ɗan kaushi, kamar tawul ko yadin da ake yi wa jarirai zanen goyo na sanyi, domin mai santsi zamewa zai riƙa yi daga cinya. A ƙasashen sanyi suna cusa auduga mai kauri a tsakiya. Mu da ke da bazara, tsohon zanen gado ninki ɗaya ya wadatar, in ba haka ba zufa za ta sa ta jefar. Ki kifa fuska a kan baya, ki ɗinke zagaye ki bar 'yar kafa, ki juyo shi, ki rufe kafar, sannan ki bi layukan haɗin da keke don kada cikin ya tattare in an wanke. Wadda ba ta da keke za ta iya da hannu, ko ta shirya komai ta kai wa tela ta tsaya a kansa.

Na maza ma haka ne, sai dai a sauya kaya. Baban da ya yi tuƙin mota a sa masa tsofaffin makullai marasa kaifi a babban zobe, da kan bel mai ƙarfe da zai riƙa sawa yana cirewa. Wanda ya yi kasuwanci a yi masa aljihu mai zif kamar na 'yar ciki. Guntun aikin wuyan babbar riga, ko tsohuwar hula zanna da aka buɗe aka shimfiɗa, ko ɗan yankin jar fata daga wurin dukawa, duk abubuwa ne da yatsunsa suka sani. A guji launin yara da hoton 'yar tsana. Dattijo ne, ko ya manta sunansa bai manta ana girmama shi ba.

Wata 'yar'uwa ta tambaye ni ko za a iya ɗinka sunan Allah ko wata aya a jiki don albarka. Ni dai ban ba da shawara ba. Wannan bargo zai faɗi ƙasa, abinci zai zube masa, kuma da yawa daga cikin masu ciwon ba sa iya riƙe fitsari. A bar karatu a kunne, a kunna mata ƙira'ar da ta saba ji a hankali, ya fi.

Kafin a miƙa mata

Idan kin gama, ki kama kowane abu da ke jiki ki ja da iyakar ƙarfinki. Abin da ya motsa a hannunki zai fita a hannunta, domin tana da yini guda na murɗa shi. Duk abin da zai iya shiga baki ya wuce maƙogwaro, ƙananan maɓallai, tsakiya, duwatsun leshi, tsabar kuɗi, kada ya kusanci bargon. Ban da fil, ban da madubi, domin wasu kan tsorata da fuskar da ba su gane ba. Ban da gam, komai ɗinki. Kada a cusa wake ko shinkafa don ya yi nauyi, za su jiƙa su ruɓe ko su kira ɓera. Kowace igiya kada ta wuce taƙi ɗaya, kimanin inci 6 zuwa 8, yadda ba za ta zagaye wuya ba. Idan ciwon ya yi nisa har ta koma kai komai baki, a cire duk wani abu mai tauri a bar ƙyalle zalla. Kuma a tuna da jikoki masu rarrafe, su ma hannunsu zai kai. Bayan kowane wanki a sake gwajin ja. In da hali a yi guda biyu, ɗaya na kan igiya ɗaya na kan cinya.

Yadda za a ba ta ma yana da muhimmanci kamar ɗinkin. Kada ki ce, "Iya ga abin wasa na kawo miki." Ki zauna kusa da ita, ki ɗora shi a cinyarki, ki fara kitsa igiyar nan kina hira. In kin ga idonta ya sauka a kai, sai ki ce, "Iya, don Allah taya ni, na kasa kama wannan." Wadda ta yi rayuwarta tana yi wa mutane hidima ta fi amsa kiran taimako a kan kyauta. Ki kawo shi tun kafin damuwar ta taso, wato da an idar da la'asar, domin in ta riga ta miƙe ta yafa mayafi ba za ta kalle shi ba. In ta gaji ki ɗauke ki ajiye, abin da ke gaban ido yini guda yakan zama kamar babu. In ta ture, kada ki matsa; ki gwada gobe, ko ki sauya abin da ke jiki.

Wadda ciwon bai yi nisa da ita ba tana iya jin an raina ta. Irin wannan a ba ta aikin gaske: gyaran zogale, ninke kayan yara, tsintar wake, ɓarar gyaɗa, ana kusa ana kallo. Ko ta ninke ba daidai ba a yi godiya, a gyara a bayan idonta.

Abin da bargo ba zai yi ba

Ba magani ba ne, ba ya dawo da tunani kuma ba ya tsayar da ciwon. Wasu yana ɗauke musu hankali na rabin awa, wasu na minti biyar, wasu ko kallonsa ba sa yi. Kuma ba kowace mutsu-mutsu ce ke nufin kaɗaici ba. Tsohon da ba ya iya cewa "cikina ke ciwo" da hannu zai faɗa. Kafin ki miƙa bargo ki duba: tana jin fitsari ne? Kwana nawa rabon ta da bayan gida? Ƙishirwa ce, ko zafi, ko haƙori, ko kuɗin cizo a katifa, ko gyambon kwanciya ya fara a baya? Idan kuwa rikicewar ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ga barci mai yawa ko zazzaɓi, wannan ba tafiyar ciwon mantuwa ba ce, yawanci wani ciwo ne ya shigo, kamar ciwon mafitsara ko maleriya ko ciwon huhu, a tafi asibiti a ranar.

Tun farko ma ya kamata likita ya ga duk tsohon da mantuwa ta yi wa yawa, domin akwai abubuwan da ke kama da wannan ciwo alhali suna warkewa, kamar ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, ko illar wasu magunguna da yake sha. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen da ke duba wannan, haka asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware. Zuwa can ba ya nufin an ce Iya ta haukace.

Abin da nake roƙon 'yan'uwa su guje wa shi ne aika yaro kemis ya sayo maganin barci ko na kwantar da masu taɓin hankali don a samu a runtsa. Na san gajiyar da ke kai mutum ga haka. Amma waɗannan magunguna suna sa tsoho jiri ya faɗi ya karye a ƙugu, kuma tun a 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu daga cikinsu suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu ciwon mantuwa. Shi ya sa likitoci ke cewa a fara da hanyoyin da ba na magani ba, irin wannan bargo, da hira, da 'yar tafiya a tsakar gida, magani ya zama na ƙarshe kuma da sa hannunsu. Ɗaure hannu ko kulle ɗaki kuwa tsoro yake ƙarawa.

Haka nan a daina gardama da ita. In ta ce mahaifiyarta na jiranta, ba sai kin ce ta rasu shekara arba'in ba, domin kowane faɗi sabon mutuwa ne a wurinta. Ki ce ta ba ki labarin mahaifiyar. In ta yi la'asar sau uku ko ta sallame a raka'a biyu, malamai sun bayyana cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, a bar ta da Ubangijinta. Mu ne ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i ke kallo, waɗanda suka hana ko da nuna ƙosawa ga iyayen da tsufa ya riska a wurinmu. A nan zan ɗan yi wa maza magana, tunda na san suna leƙa mujallar in an ajiye: ayar da 'ya'ya take magana. Matar ɗa da ke wannan jinya kyautatawa take yi, kuma tana buƙatar a karɓe ta ko da yini ɗaya a mako, ta yi barci, ta je gidansu. 'Yan'uwan miji da ke zuwa ranar Juma'a da ledar lemo su ce an bar Iya ta rame, su gwada kwana biyu a ɗakin.

Wannan aiki ne da matan Islamiyya ko 'yan adashi za su iya ɗauka tare. Teloli suna zubar da buhunan ƙyallaye, musamman bayan sallah, kuma kowane gida akwai jakar makaranta da ta mutu zif ɗinta na da rai. Mata biyar da keke ɗaya za su iya fitar da uku ko huɗu a yammaci guda. Ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da wannan ciwo a duniya, ana iya sa ta a gaba a matsayin ranar rabawa, amma masu buƙata suna nan cikin unguwa tun yanzu, an rufe su a ɗaki saboda kunya.

Na farkon da muka ɗinka wa uwar mijin maƙwabciyata ya fi kyau a ido, mun zuba masa leshi da geza, ta kalle shi ta ce na wane ne, a mayar wa mai shi kada a ce ta ɗauka. Na biyun muka sa guntun wata tsohuwar atamfarta mai ruwan goro da 'yar lalita a gefe. Shi ta karɓa. Har yanzu akwai ranakun da take jefar da shi ta nufi ƙofa, amma akwai waɗanda take zama a kansa tun la'asar har a kira magariba, tana kitsa igiya tana warwarewa, matar ɗanta ta samu ta sauke tukunya. Sabuwar matsalar ita ce ta mayar da aljihun ma'ajiya: goro, ƙashin nama, murfin kwalba, ran nan har da makullin babur ɗin jikanta da aka kwana biyu ana nema. Yanzu kafin a jiƙa shi sai an zazzage.